Yadda Na Buɗe Dogon Gurbi Daga Setapak

Da sunan Allah zan fara, don ko baki ya zame a gaba ya zamana na riga na nemi tsari. Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake faɗa a kasuwar kifi idan na ba da baya. Ana cewa Audu Sarkin Ruwa ya tafi Maleshiya gyaran ido, ya sayar wa wani Bature Dogon Gurbi, wai har an ga fuskar Baturen a waya. Fuskar kam an gan ta, ban musa ba. Sauran zan faɗa muku yadda ya faru, da wannan hannun nawa da bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, wanda in ya kama layi sai ya yi ta gangarawa kamar akuya ta sauko daga tudu. Auta ta ce za ta buga a na'ura ta gyara. Na ce ta gyara baƙaƙe, kada ta gyara mini magana.

Waɗanda aka haifa a birni cikinku ba su san Dogon Gurbi ba sai a baki. Rami ne mai zurfi a bayan tungarmu, cikin fadamar ƙasar Haɗeja. Idan kogi ya cika da damina ya malala, kifi ya bazu ko'ina. Idan rani ya yi, ƙananan tafkuna suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, sai manyan iyayen kifi su tattaru a can su jira wata daminar. Su ne masu zuba ƙwan da kowa zai ci baɗi. Saboda haka tun kakanni ba a shigarsa sai yini ɗaya, dab da faɗuwar ruwan sama, shi ma da homa kaɗai, wadda mutum ke riƙewa da hannu. Taru kuwa, wanda ake ja daga gaɓa zuwa gaɓa ya kwashe uwa da 'ya'ya, ko inuwarsa ba ta taɓa faɗa wa ruwan nan ba. Kuma ba ya buɗuwa sai Sarkin Ruwa ya naɗe wando, ya sa ƙafar dama a ruwa, ya ce, "Na buɗe." Haka ubana ya yi, haka na gada. Kada wani ustazu cikinku ya fara murza gemu, ba tsafi ba ne. Doka ce kawai aka ɗaura ta a ƙafar mutum ɗaya don a san wanda za a zaga.

Yanar ido ce ta kai ni Kuala Lumpur. Auta, wato Balkisu, tana karatun digiri na uku a can, ita da mijinta Malam Kabiru, kuma ta tayar wa kowa hankali har aka ɗora ni a jirgi, wai aikin mako biyu ne. Da likitan ya leƙa sai ya ce bayan idon hagun ma ya ɓalle. Ya manne shi, ya hura wata iska a ciki don ta danne wurin, ya ɗaura mini koren abin hannu kamar ragon da aka riga aka saya a kara. Ya ce in na kuskura na hau jirgin sama kafin iskar nan ta tsotse da kanta, za ta kumbura idon ya mutu. Na ce yaushe za ta tsotse? Ya ce wata biyu, ko uku. Ya faɗe shi yana murmushi, kamar mai ba da goro.

Gidansu Auta a Setapak yake, can sama a wani bene da in ka leƙa ƙasa motoci kamar ƙwaro. Kwanakin farko a kife na yi su, fuska a ƙasa, haka likita ya ce, ina kallon tayal kamar mai neman allura. Da aka ce na iya miƙewa sai ƙafa ta ƙi zama. In je falo, in je baranda, in dawo falo, in buɗe firij in rufe. Mutumin da ya saba kafin rana ta fito ya riga ya zagaya ruwa a kwalekwale, ga shi an ajiye shi cikin akwati mai sanyi. Na koyi hawa lif, na yini ina kai mutane sama ina dawo da su ƙasa har mai gadi ya kai ƙarata. Na koyi hawa jirgin nan nasu mai tafiya a kan gada ba direba, in bi shi har inda ya ƙare, in ƙi sauka, ya dawo da ni. Cikin yarensu na kama kalma uku: makan, wato ci, da boleh, wato ya yiwu, da tapau, wato a ƙunsa mini in tafi da shi. Da su na ci garin. Auta kuwa ta ɗauke fasfona ta ɓoye.

"Baba, na san ka," in ji ta. "In na bar shi a fili, gobe sai dai in ji ka a Kano."

"Ni da na haife ki kike wa ɓoyo?"

"Kai ɗin fa. Inna ce ta ce in ɓoye."

Abin da ya hana ni zama ba ɗakin ba ne kaɗai. A shekarar nan kogi bai zo mana ba. Ruwan sama ya yi ƙaranci, ɗan abin da ya taho kuma ciyawar kacalla ta toshe masa hanya. Shinkafa ta ƙone a tsaye. Tafkunan da kan kai mu tsakiyar rani suka ƙafe tun ana sanyi. Ƙanena Tanko, wanda na bar wa riƙon ruwa, kullum sai ya turo mini murya a waya, kuma kowace murya ta fi ta jiya gajarta. Da farko gaisuwa ce da labarin kowa. Daga baya ta koma, "Yaya, gidan wane sun koma ci sau ɗaya." Daga baya, "Yaya, samari sun fara zama a bakin Gurbi suna kallonsa."

A bayan benayen akwai wani tafki. An ce ramin haƙar kuza ne na da, ruwa ya cika shi, aka zagaye shi da hanya don masu ƙiba su yi ta gudu ba mai korar su. Ranar da na gano shi na ji kamar na ga ɗan garinmu. Akwai allo a bakinsa, an zana kifi da ƙugiya an ja musu jan layi. Ba sai ka yi boko za ka gane ba. Na gane sarai. Washegari na sayi ƙugiya da zare a wani kanti, na gutsuro burodin karin kumallo, na sami wani lungu bayan itatuwa na tsuguna. Ni, Sarkin Ruwa, wanda ya sha karya wa yara sanda don satar kamun kifi, ga ni ina waige-waige kamar ɓera a rumbu. Ba a jima ba zare ya motsa. Karfasa ce, irin tamu sak, har na kusa tambayarta ta wace hanya ta zo.

Sai na ji murya a bayana, cikin Turanci. Turancina na hanyar Onica ne, wanda na tsinta shekarun da nake bin lodin banda a bayan babbar mota, ba ya shiga ofis amma yana sayen abinci.

"Ka ga allon can?"

Na waiga. Wani dogon tsohon Bature ne a kan benci, ƙafafu kamar na zalɓe, gajeren wando, ga safa cikin takalmin soso. Na nuna masa idon da aka rufe.

"Ido ɗaya gare ni, shi ma ba ta wannan gefen yake kallo ba."

Bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu, na ɗauka kama ni zai yi, ashe kifin yake so. Ya kwantar da ita a tafin hannunsa, ya auna ta da yatsu, ya girgiza kai.

"Ta yi ƙanƙanta. Ba ta taɓa yin ƙwai ba. Mayar da ita."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Maganar da nake faɗa wa yaran tungarmu ke nan tun ina da baƙin gashi, ga ta ta biyo ni har bangon duniya a bakin mutum mai safa. Na mayar da ita. Na ce shi masunci ne? Ya ce a'a, bai taɓa kama kifi ba a rayuwarsa, in ma ya hau jirgin ruwa amai yake yi. Amma tun yana saurayi har ya yi furfura, shi ne ke rubuta wa masuntan ƙasarsu girman idon komar da za su jefa.

Sunansa Mista Oto, mutumin Jamus. Matarsa 'yar Maleshiya ce, ta yi aikin jinya a Jamus suka haɗu, da ya yi ritaya ya biyo ta gida. Ciwon ƙoda ya kama ta, ana yi mata wankin jini a wani asibiti kusa da tafkin, shi kuma ba ya iya kallon jini yana zagaya roba, sai ya zo bakin tafki ya jira. Ni ina jiran iska ta fita daga idona, shi yana jiran a gama wanke matarsa. Haka muka zama abokai. Mukan je shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi da ba a rufewa, mu sha shayin da ake ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, ya yi ta ba ni labarin aikinsa da Turanci a hankali kamar mai ba jariri kunu.

Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne na rantsuwa. A ƙasarsu in ka yi rantsuwar nan ba a korar ka, kai ma ba ka yajin aiki, ka zama kamar turken gida: gwamnati ta zo ta tafi, kai kana nan. Da dankali aka fara shi. Shekaru yana bin gonaki yana duba irin dankalin Turawa, wanda ya halatta a shuka da wanda bai halatta ba. Daga nan aka mayar da shi madara, lokacin da shanunsu suka yi ta zubo nono har aka rasa inda za a kai shi, sai gwamnati ta yanka wa kowane manomi iyakar abin da zai tatsa. Na ajiye kofi na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce wato ana hukunta mutum don saniyarsa ta yi albarka? Ya ce ƙwarai, kuma shi ne ke aika takardar. Cikin waɗanda takardar ta sa suka sayar da shanu har da yayan mahaifiyarsa, wanda bai ƙara zuwa gidansu cin abincin Kirsimeti ba. Daga madara aka kai shi aladu, wannan babin na ce ya tsallake. Daga ƙarshe aka ba shi kifi, a nan ya tsufa. Aikinsa shi ne ya saurari masu binciken teku su ce kifi kaza ya rage, ya saurari masunta su ce ƙarya ne, sannan ya bi minista zuwa taron ƙasashen Turai a yi ta ciniki kan wa zai kama nawa, kamar dillalai a kara, sai dai dabbar da ake ciniki ba wanda ya taɓa ganin ta. Wani abu da na lura da shi: mutumin nan ba ya cewa "ina ganin". Ko shayi ka tambaye shi ya yi daɗi, sai ya ce akwai abin da za a faɗa ta kowane ɓangare.

Ni kuma na ba shi labarin Dogon Gurbi. Ya yi ta tambaya kamar alƙali. Wa ya rubuta dokar? Ba wanda ya rubuta. Wanda ya karya fa, nawa ake cin sa tara? Ba a cin sa tara, sai dai in 'yarsa za ta yi aure ba mai zuwa. Ya ce da ya san wannan dabarar da ya sallami rabin ma'aikatansa.

Ana haka sai Tanko ya daina turo murya, ya kira kai tsaye. Ina zaune a falo, Auta tana gefe da kwamfutarta.

"Yaya, an yi taro. Jama'a sun ce a buɗe Gurbi yanzu. Kuma da taru."

"Da me?"

"Ka ji ni. Homa yini ɗaya ba za ta kai mu ko'ina ba. In aka ja taru aka yi banda, za a sami na hatsi har damina."

"Baɗi kuma ku ci me? Tarun?"

"Wanda ya kai baɗi ai ya yi magana. Gida nawa aka rufe tun tafiyarka, ka sani? Ɗanjuma ma ya ɗaure kayansa, ya ce Legas zai je ko dako ne ya yi."

Ɗanjuma abokin wasana ne tun muna tsirara, mutumin da ko Haɗeja in ya je sai ya kwana yana kewar gida.

"To ku jira in dawo."

"Yaushe?"

 Sai ya rage murya.

"Yaya, na tambayi Liman. Ya ce ruwa duk na Allah ne, ba a ce lallai sai na Gurbi ba. Ka nemi ruwa a nan inda kake, ka sa ƙafa, mu gan ka a waya, ka faɗa. In ba ka faɗa ba yaran nan za su shiga da kansu. In kuwa suka shiga ba da bakinka ba, shi ke nan, ba Sarkin Ruwa kuma, ba kai ba, ba na bayanka ba."

Da ya kashe na tashi na shiga ɗakin Auta na fara birkita akwatuna. Ta biyo ni ta tsaya a ƙofa.

"Baba, me kake nema?"

"Abina nake nema. Ido ɗaya ya ishe ni. Mutum nawa ne a tunga ke yawo da ɗaya?"

"Ɗayan ma yana da yana, ba a cire ba tukuna. In wannan ya fashe a sama, wa zai ja ka? Kuma in ka isa can me za ka yi? Hatsi za ka haifa musu?"

"Ke, ni kike faɗa wa haka?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Amma fasfo kam yana ofishin Abban Hanif, cikin durowa mai makulli."

Malam Kabiru yana jin an ambace shi ya tuna yana da aiki a makaranta, ya sulale. Na kira uwarku ko za ta goya mini baya. Ta ce, "Sarki, ni dai abin da na sani, matan da ke zuwa gaishe ni yanzu ba sa tashi sai sun ga na ɗora tukunya." Ta ƙara da cewa in na dawo mata makaho ita ba 'yar jagora ba ce.

Washegari na riga Mista Oto zuwa benci. Na zayyana masa komai, na ce shi da ya tsufa a wannan aiki ya faɗa mini abin yi.  Ya ce sau biyu irin wannan ta zo teburinsa. Ta farko, masu bincike suka ce a rufe kamun wani kifi, masunta suka yi ca, ga zaɓe ya matso. Minista ya ce a nemo hanya. Shi ne ya nemo ta, ya rubuta takarda mai kyau, aka bar ruwa a buɗe. Aka yi 'yan shekaru ana murna, daga nan koma ta fara fitowa wayam. Ta biyu ta zo yana babba, wani kifin daban, a wani gefen tekun. Wannan karon ya kafe, ya yi ta kai wa minista takarda ɗaya har ya gaji ya sa hannu, aka rufe. Wani masunci ya zo har ofis, ya ajiye masa makullin jirginsa a kan tebur, ya fita.

"Kifin ya dawo?" na tambaye shi.

"Ya dawo. A hankali, amma ya dawo."

"To alhamdulillahi. Ka ga ke nan."

"Bayan na yi ritaya na je garin. Jiragen suna nan, an yi musu fenti, suna yawo da 'yan buɗe ido. Inda ake ajiye ƙanƙarar kifi yanzu askirim ake sayarwa. 'Ya'yan masuntan duk suna birni. Kifin kuwa, manyan jiragen kamfani ke zuwa daga nesa su kwasa. Wani tsoho ya gane ni. Na ɗauka zai zage ni. Gahawa ya saya mini."

"To wanne ne daidai cikin biyun?"

"Aikina shi ne in rubuta hanya biyu in kai wa minista."

"Haba Oto! Yau ɗaya dai ka ce 'ina ganin'. Ba mai jin ka sai ni da kifi."

"Kai ne ministan," in ji shi. "Ni na rufe wa mutanen da ban san fuskarsu ba. Kai za ka koma ka zauna da su, ko ka buɗe ko ka rufe. Ban san wanda ya fi sauƙi ba."

Na ce Allah ya isa tsakanina da gwamnatin Jamus da ta ɓata mutum haka. Amma na roƙe shi abu ɗaya, ya zo ya riƙe mini waya. Auta ba zan sa ta ba, don in ta ga na nufi ruwa da ɗinki a ido sai ta tara mini jama'a.

Aka sa rana. Hantsin tunga shi ne la'asar ɗin Kuala Lumpur, lokacin da hadarin garin ke haɗowa kullum kamar an yi masa alkawari. Na sa babbar riga da hula. Na isa bakin tafki ban san abin da zan faɗa ba, Allah shi ne shaida. A lif na yanke ba zan buɗe ba. A bakin titi na yanke zan buɗe. Wajen allon nan mai jan layi na sake komawa kan ba zan buɗe ba. Masu gudu suna ta wucewa suna kallon tsoho baƙi da babbar riga yana naɗe wando. Na kira Tanko, na miƙa wa Mista Oto wayar, na taka cikin ruwa. Laka ce mai santsi, da ɗumi kamar miyar da ta kwana.

A nan ne Baturen ya yi abin da ya jawo mini surutu har yau. Mutumin da ya juya tekun ƙasa guda bai iya waya ba. Ya danna wani wuri, hoton ya juya, mutanen tungarmu da suka taru a bakin Gurbi suna jiran Sarkin Ruwa sai ga jan hanci da farin gira sun cika musu waya. Na ji ihu daga can. Wata mata ta ce, "La ilaha illallahu, wane ne wannan?" Shi kuma don ladabi ya ce musu, "Sannu," kalmar da na koya masa ke nan. Wannan ita ce duk cinikin da aka yi. In akwai wanda ya ga kuɗi, ya zo ya nuna mini inda na ajiye su.

Da aka gyara, ya matso da wayar kusa da idona mai gani. Tanko ya bi da tasa wayar kan jama'a a hankali. Niyyata in yi musu dogon jawabi kan kakanni. Sai na ga wuyan mutane. Ban san yadda zan faɗa muku ba, fuska takan ɓoye yunwa, wuya ba ya ɓoyewa. Na ga rigunan da na sani a jikin masu su sun zama kamar na aro. Kuma na ga gurabe a cikin taron, inda wane ya saba tsayawa, inda wane da 'ya'yansa suka saba tsayawa. Can gefe ga Ɗanjuma zaune a kan ƙullin kayansa, ya zo da shi har bakin ruwa don in gani, ɗan banza. Bai ɗago kai ba.

"Yaya, muna jin ka," in ji Tanko.

Aka yi tsawa a kanmu. Na ce a raina, Gurbi, ka ciyar da ubana da kakana, ka yafe mini.

"Ku bar ƙuryar gabas," na ce. "Kun ji? Wajen gawon nan, kada taru ya je can. Ku bar wa Gurbi ko kaɗan ne. Na buɗe."

Ban ji ƙarshen kabbararsu ba, ruwa ya kece. Mista Oto ya kama hannuna ya jawo ni waje, muka tsaya ƙarƙashin wata rumfa, tsofaffi biyu jiƙe sharkaf. Ya cire tabarau yana gogewa da rigar da ta fi tabarau jiƙa. Na jira ya ce na yi daidai ko na yi kuskure. Ya ce in rufe idon kada ruwa ya shiga.

Ba a bar ƙuryar gabas ba. Ban kuma riƙe kowa da wannan ba, mai yunwa in ya riga ya shiga ruwa ba ya sanin gabas. Tanko ya turo hotuna: giwar ruwa wadda sai mutum biyu suka ɗaga, tarwaɗa masu kai kamar turmi, bargi, duk ciki cike da ƙwai. Wasunsu na tabbata sun girmi Auta. Na kalla sau ɗaya na ba ta wayar na ce ta goge. Hayaƙin banda ya yi kwanaki a kan tunga, aka sayi gero da masara, aka kai damina. Ba a ƙara rufe gida ko ɗaya ba.

Iskar idona ta tsotse, aka cire yanar ɗayan, Auta ta fito da fasfo. Ranar da na je sallama da Mista Oto na ce ya zo tungarmu in koya masa kama kifi, ko ɗaya ne kafin ya mutu. Ya ce akwai abin da za a faɗa ta kowane ɓangare. Wannan karon da dariya ya faɗa. Auta ta ce mini matarsa ta rasu daga baya, shi kuma ya koma ƙasarsu wajen 'yarsa. Allah ya sa ya sami ruwan da zai zauna yana kallo.

Da na dawo na je Gurbi na sa ƙafa, na gaske wannan karon, na ce na rufe, kuma ba ranar buɗewa sai abin da hali ya yi. Ba wanda ya yi gardama, don ba abin da za a yi gardama a kai. Kogi ya dawo daminar da ta biyo, da wadda ta bi ta, amma kifin da yake kawowa bai fi a yi wa yara miya ba. Iyayen sun tafi. Masu ilmin abin sun ce in aka yi haƙuri wasu za su gangaro daga sama su zauna, wataƙila ina raye, wataƙila sai a zamanin wanda zai gaje ni cikinku. Yanzu samarinmu noman rani suke yi da injin ban ruwa, suna sayen kifin da ake kiwo a roba daga gidan gona kamar mutanen birni. Waɗanda suka yi kabbara ranar nan su ne yau ke cewa na kashe Gurbi. Ba na jin haushi sosai. Duk wanda ya zage ni nakan dube shi in ga wuyansa ya cika.

Wanda ya fi kowa zagina shi ne Ɗanjuma. Kullum da safe nakan ɗauki buzuna in je gindin gawon nan na gabas in zauna ina duban ruwa, ko zan ga tarwaɗa ta taso shan iska. Ba na daɗewa sai in ji takunsa. Ya zauna nesa kaɗan, ya ce da ubana ne da bai buɗe ba. In ce da ubana ne da yanzu kana Legas da buhun siminti a ka. Ya yi tsaki, mu ci gaba da kallo.

Shekaranjiya ya dafa ni da ƙarfi, ya nuna wajen ciyawa. Ruwa ya motsa, kumfa ta taso. Muka miƙe tsaye mu biyu, gwiwoyi suna ƙara, ba mai numfashi.

Kwaɗo ne.

"Kai ka jawo mana," in ji Ɗanjuma.

Na ce, "Gobe ka zo da wuri."